Kwana uku a tsibirin Gore

Manomi bai san hutu ba sai in ciwo ya kada shi. Da an gama ɗaurin hatsi an cika rumbu, sai a koma gyaran darni, ko noman rani, ko a ɗauki sanda a tafi cin rani. Shi ya sa labarin wani dattijo na ƙasar Tasawa ya kamata a ji shi. Ya tafi hutu irin na ma'aikata, har cikin teku, a watan Disamba na 2022. Kuma abin da ya fi ba shi wahala a tafiyar shi ne zaɓen wurin kwana.

Dattijon ya ba shekara 60 baya. Shina noman hatsi da wake da gujiya, shina da tumaki goma sha biyu. Bai yi lakwal ba. Da girmanshi ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya koyi karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Tun daga nan ba shi rabuwa da kaye da bik a aljihun gaba. Kome ya saya, kome ya saida, sai shi rubuta.

Ɗanshi na fari na Dakar, babban birnin Senegal, shekara 9 ke nan. Gashin nama shike yi. Mutanen Dakar na son gashin Hausawa ƙwarai, har suna ce mashi "dibi hawsa", kuma da yawa cikin masu yin shi ƴan Nijar ne. Yaron bai bar gida da daɗin rai ba. Ya nemi aure a wani gari kusa da nasu, yarinya na son shi, an kai goro, sai anka maido goron babu bayani. Ya tambayi ubanshi dalili, uban ya ce: "Ba rabonka ba ce." Daga nan ya yi shiru. Bayan sati biyu yaron ya shiga mota. Shina aiko kuɗɗi kowace salla, amma bai sake taka garin ba.

Da kakar 2022 ya kira ta salula. Ya ce: "Baba, na biya maka jirgin sama. Ka zo ka huta. Za ni kai ka inda Turawa ke biyan kuɗɗi su kwana." Dattijon ya yi wata guda shina juya maganar. Daga baya ya bar ma ƙanenshi tumaki, ya ɗauki takardunshi da karnen rigakafi, ya tafi Yamai. Canjin kuɗɗi bai taso ba, don sefa guda ce a Nijar da Senegal. Jirgi ya sauke shi a sabon filin da anka buɗe a 2017, mai nisan kilomita kamar 50 daga Dakar. Ya kwana biyu ɗakin ɗanshi, inda samari biyar ke kwana bi da bi, masu aikin dare su tashi masu aikin rana su kwanta. A nan ya ga inda kuɗɗin salla ke fitowa.

Rana ta uku sunka nufi tashar jiragen ruwa. Tsibirin da za su, sunanshi Gore. Tsibiri, ga wanda bai taɓa gani ba, ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Gore na da nisan kilomita 3 daga Dakar, tafiyar minti 20 cikin babban jirgin da suke kira shaluf. Kuɗɗin shiga hawa uku ne: na mazaunin Senegal, da na ɗan Afirka, da na baƙon nesa, wanda ya fi tsada. Don haka ake neman takardar mutum kafin a ba shi biye. Tsibirin ƙarami ne: tsawonshi mita 900, faɗinshi bai kai rabin haka ba, duka hekta 28. Akwai dangin da gonakinsu sun fi shi girma. Mutanen da ke zamne cikinshi ba su kai 2.000 ba. Babu mota ko guda, kowa da ƙafa shike yawo cikin lunguna masu rairayi, tsakanin gidaje jajaye da masu ruwan ɗorawa.

Dattijon bai yi amai ba cikin jirgi, amma ya riƙe ƙarfe da hannu biyu har sunka isa. Da jirgi ya kusa gaɓa, yara sunka riƙa faɗawa cikin ruwa suna tsintar ƴan sulallan da baƙi ke jefawa. Wannan bai gamshe shi ba. Ya ce yaron da ya iya nutso haka, ya fi ƙarfin bara.

Yaron ya wuce da shi kai tsaye wani otel na bakin gaɓa. Bene ne, ga farin zane bisa gado, ga na'urar sanyi, ga taga mai kallon teku. Dattijon ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga shina taka ƙasa a hankali. Sai idonshi ya kai ga wata takarda da anka liƙa bayan ƙyaure. Faransanci ya fi ƙarfinshi, amma lamba lamba ce ko'ina. Ya ga 45.000. Ya ce: "Wanga na wata ne?" Yaron ya ce: "Na dare guda ne, Baba." Dattijon ya fiddo kaye, ya zamna bakin gado, ya yi lissafi. Dare uku, jikka 135, ba a ci ba, ba a sha ba. Ya maida bik aljihu, ya ɗauki jakarshi, ya fita ya sa takalmi.

A wani benci ƙarƙashin itace sunka yi ta. Yaron ya ce: "Baba, kuɗɗina ne. Ni na tsaya gaban wuta na same su. Wata takwas ina tara su don wanga rana." Uban ya ce: "Kai, na ga wutar. Don na gan ta ne ba ni iya barci bisa kuɗɗin raguna biyu." Yaron ya ce ya kunyata shi gaban mai otel. Uban ya ce kunyar mai otel ba ta kai ta rumbu wofi ba.

A gaskiya kowanensu na da tashi gaskiya. Dattijon bai yi rowa ba, ya san wahalar kuɗɗi. Amma bai gane ba cewa yaron ba gado shike saye ba. So shike a ɗauki hoton ubanshi bisa benen nan, hoton shi kai garinsu, shi kai har garin da anka maido mashi goro. Irin wannan buƙata ba ta shiga lissafin kaye.

Daga ƙarshe dattijon ya ce: "Ba ni zuwa la'asar. In ban samu wurin da ya fi shi ba, mu komo." Yaron ya yarda, rai a ɓace.

Tun a gaɓa wani saurayi ke bin su, shina cewa ya san ɗaki mai araha. Dattijon ya sa anka sallame shi da godiya. Ya san dillali tun daga kasuwar dabbobi: ladarshi cikin farashi take ɓoye, kuma baƙo ke biyan ta. Wuri na farko da sunka gani da kansu, arha gare shi, amma bisa mashaya shike, kusa da inda baƙi ke wanka kusan tsirara. Kiɗi na tashi tun da rana. Dattijon bai ko hau matakala ba. Na biyu, mai gidan ya ce jikka 10. Dattijon ya ce a tambaye shi: na ɗaki ko na kai? Sai ga shi na kai ne, wato jikka 20. Ya murɗa famfo, babu ruwa. Ya shafa bango, ya ji danshi. Ya ɗaga katifa ya shinshina. Iskar teku na da gishiri, tana cin bango, tana sa ƙarfe tsatsa, kuma ɗakin da ba a buɗewa shina warin ruma. Mai tsohon tari kada shi kwana irin wanga ɗaki, ko kyauta ne.

Lokacin azahar ya yi, sai dattijon ya ce a bar neman ɗaki, a nemi masallaci. Masallacin Gore na can gindin tudu, dab da ruwa, ginin dutse ne na wajen shekarar 1890. Bayan salla ya gaisa da wani tsoho da ke kusa da shi a sahu, yaron na fassara da Wolof ɗin da ya koya wurin gashi. Tsohon ya kai su gidan wata dattijuwa, ƴar'uwarshi, mai ba baƙi hayar ɗaki biyu cikin gidanta.

Nan dattijon ya daɗe shina dubawa. Ɗaki ne mai gado biyu, da fanka, da sange marar huji. Makewayi na tsakar gida, da buta a bakin ƙofa. Ga randa da jarkoki cike, don ruwan shan tsibirin daga Dakar shike zuwa, kuma mai hankali shina ajiya. Ƙyaure na da makulli. Ga inuwa a tsakar gida inda mutum ke iya shimfiɗa tabarma. Abin da ya ƙarasa sace zuciyarshi, wani rago ne ɗaure a kusurwa, dogo, fari, mai lanƙwasasshen hanci. Ya buɗe bakinshi ya duba haƙora kafin shi tambayi kuɗɗin ɗaki. Uwar gida ta yi dariya, ta ce wannan baƙo ɗan gida ne. Anka shirya bisa jikka 15 a dare, ɗakin duka, har da karin kumallo. Abincin dare kuwa, in suna so, su ci cikin kwanon gida, su ƙara kaɗan. Dattijon ya rubuta cinikin cikin kaye, ya karanta da ƙarfi, yaron ya fassara, ta ce haka ne. Sa'an nan ya yarda anka biya dare guda tukuna.

Yaron bai ce uffan ba daren nan. Ya ci shinkafa da kifi, wadda suke kira cebu jen, kanshi a sunkuye.

Saura abin da za a yi da kwanakin. Yaron ya riga ya tsara nashi: shiga kwale-kwale a kewaya tsibiri, wanka a teku, cin abinci inda Turawa ke ci, sayen zane-zanen da ake yi da rairayi mai launi. Dattijon ya ce a tambayi uwar gida, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ta ce masu abu biyu. Na farko, yawancin baƙi da hantsi suke zuwa, su koma Dakar da marece, saboda haka wanda ya kwana shi ke ganin Gore ta gaskiya, da asuba da bayan magariba. Na biyu, Gidan Bayi ba a buɗe shi ran Litinin, kuma ran Lahadi cunkoso ya yi yawa. Sai sunka aje shi zuwa Talata, ranarsu ta ƙarshe.

Da asuba bayan salla dattijon ya zamna bisa baƙaƙen duwatsu shina kallon masunta. Ya ɗebi ruwan teku da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar. Ya ce ruwa har iyakar gani, amma ko kwiɓi guda na albasa ba shi shayarwa. Wanka kuwa ya ƙi, sai dai ya naɗe wando ya shiga zuwa gwiwa. Da hantsi sunka hau tudun da ake kira Kastel, ta wata hanya mai kukoki dama da hagu. Ya gane kuka tun daga nesa, ya yi murna kamar ya ga ɗan garinsu. A bisa tudun akwai manyan igwa na Faransawa, tsatsa ta cinye su. Turawan Fotugal ne sunka fara isa tsibirin a 1444, sa'an nan na Holan, sa'an nan Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi wasu shekaru. Ƴar wannan ƙasa da jaki ke iya ƙetarawa kafin shi gaji, sarakuna huɗu sun yi faɗa bisanta, saboda wurin tsayawar jirage ne mai kyau.

Ran Litinin wani ɗan jagora mai takardar izini ya kai su gaban wani tsohon gini a tsakiyar gari. An shirya ladarshi tun kafin a ɗaga ƙafa. Ya ce nan ne lakwal ɗin Wiliyam Ponti take tun daga 1913, fiye da shekara 20, kafin a maida ta wani gari. Nan ake horar da malamai da ma'aikata na dukan ƙasashen da Faransa ke mulki a yammacin Afirka. Da ya ji daga Nijar suke, sai ya ce Bubu Hama nan ya yi karatu, ya koma gida a 1929 ya zama malamin lakwal na farko ɗan ƙasa. Jori Hamani, shugaban Nijar daga 1960 zuwa 1974, shi ma nan ya yi. Dattijon ya tsaya ya daɗe. Shi da ya fara riƙe alli da furfura, ga shi tsaye inda mushen farko na ƙasarshi ya zamna bisa benci. Ya rubuta 1929 cikin kaye, ya ja layi ƙarƙashi.

Ran Talata da safe sunka shiga Gidan Bayi. Gida ne ja, an gina shi a ƙarshen ƙarni na 18. Matakala biyu masu lanƙwasa na hawa zuwa sama, inda masu gida ke zamne. A ƙasa kuwa ƴan ɗakuna ne masu duhu: na maza, na mata, na ƴan mata, na yara, da wani ƙuntataccen rami ƙarƙashin matakala na wanda ya yi gardama. A ƙarshen wani dogon lungu akwai ƙofa mai buɗewa bisa teku. Wani mutumin Gore, Bubakar Jozef Njay, ya yi fiye da shekara 40 shina tsaron gidan da ba da labarinshi, har rasuwarshi a 2009. A 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya. Mandela ya zo a 1991, Obama a 2013. Masana tarihi sun yi gardama bisa yawan bayin da sunka bi ta wannan gida, da dama cikinsu na cewa wasu tashoshin gaɓar Afirka sun fi Gore fidda mutane nesa ba kusa ba. Amma cinikin kanshi babu mai musun shi, kuma sai a 1848 Faransa ta soke bauta a ƙasashen da ke hannunta.

A ɗakin yara dattijon ya tsaya. Ɗan jagora ya wuce, sauran baƙi sunka wuce, shi bai motsa ba. Yaron ya komo ya kama hannun rigarshi, ya ce: "Baba, mu je." Bai ci abincin rana ba.

Da marece ya ce su koma tudu. Sunka zamna gindin kuka, jirgin baƙi na tafiya, fitilun Dakar sun fara kamawa. Can ya ce: "Kai, kakana ba ɗan ƙasar Tasawa ba ne." Ya ce an kamo shi daga kudu cikin hari shina yaro, shi da yayarshi, tun kafin Nasara su ci Damagaram a 1899. An saida su a kasuwa. Yayar, ayari ya tafi da ita arewa ta cikin hamada, ba a sake jin ta ba. Shi kuwa ya tashi bawa a wani gida, sai da ya yi gemu ya samu kanshi, ya yi yamma, ya sari daji, ya kafa gonar da suke nomawa yau. Tsagar fuskarshi ba irin ta garin ba ce, kuma tsofaffi ba su manta ba. Ya ce: "Shi ya sa anka maido goronka. Na ji kunyar gaya maka."

Abin da ya faru ga wanga yaro ba shi kaɗai ba ne. Tun 2003 dokar Nijar ta maida bauta babban laifi, mai ɗauri har shekara 30. Amma doka ba ta zama cikin zauren da ake shawarar aure, kuma har yau akwai gidajen da ke tonon asalin mutum zuwa kaka na uku kafin su amshi goronshi.

Yaron ya daɗe bai tanka ba. Sa'an nan ya ce: "Na sani, Baba. Ran da anka maido goron, wani ya faɗa mani tsakiyar kasuwa, gaban mutane. Na zo wurinka don in ji daga bakinka, ka ce mani ba rabona ba ce. Ba su sunka kore ni ba."

Dattijon ya sunkuyar da kai. An kira magariba, ba wanda ya tashi sai da anka kusa tada salla. A hanya yaron ya tambayi sunan kakan, sunanshi na ainihi, wanda uwarshi ta raɗa mashi kafin a kama shi. Dattijon ya san shi, don tsohon ya faɗa mashi sau guda, shina ɗan shekara tara, suna tsaron gona. Ya tsaya ƙarƙashin fitila, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ya yage takardar daga kaye, ya miƙa mashi. Yaron ya ninke ta ya sa cikin fasfo.

Washegari kafin su tashi, dattijon da kanshi ya ce a nemo mai kwale-kwale. Anka yi ciniki, ya ƙi shiga sai da anka ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Sunka kewaya tsibirin, shina riƙe da gefen jirgi shina salati, yaron na dariya, karo na farko tun zuwanshi. Ta bayan Gidan Bayi sunka ga ƙofar nan daga cikin ruwa, ƴar ƙarama, kamar bakin rumbu. Da sunka sauka, ya yarda anka kai shi gidan abincin Turawa. Ya ci kaza da albasa da lemun tsami, bai tambayi kuɗɗin ba, ya kau da kai lokacin da anka kawo takarda. Yaron ya ɗauki hotonshi nan, teku a bayanshi.

Uwar gida ta raka su har gaɓa da ƙullin garin kuka. Cikin jirgi dattijon ya haɗa lissafi: ɗaki, da abinci, da biye, da ɗan jagora, da kwale-kwale, duka ba su kai kuɗɗin otel na dare uku ba. Ya ce ma yaron abin da ya rage shi aje shi, kuɗɗin mota ne, don gonar kudu ta fi ƙarfin mutum guda. Yaron ya ce sai ya ga yadda aiki ya yi. Dattijon ya rubuta "damina" a ƙasan shafi, bai sa lamba gabanta ba.

Tsarabar da ya kai gida, ban da garin kuka, kwalba guda ce ta ruwan teku. Ran da ya isa, ya zamna ƙofar gida, kowa ya zo barka da zuwa sai a ɗiga mashi kaɗan a tafin hannu. Maigari ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce a ƙara mashi.